Kukan Famfo a Hanyar Gaya

Daga Birnin Ƙonni zuwa Gaya tafiyar yini guda ce ga wanda ya yi sammako. Za ka ɗauki babbar hanyar Yamai, ka wuce Dogon Dutsi, ka isa Dosso, daga nan ka karya hagu ka miƙe kudu wajen kilomita 150 har bakin kogin Isa. Mu ɗaurin auren 'yar kawuna ne ya tashe mu, cikin sanyin ƙarshen shekarar 2024: ni da Inna, da ƙanwarta, da wani ƙanena, da buhunan albasar Galmi na gudummawa a but. Motar Toyota Carina E ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1992 da 1997, har ta girmi ƙanen nawa. Ta ci ƙuruciyarta a Turai, jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, ta hau gadar Malanbil ta shigo Nijar. Ke nan Gaya ba baƙon gari ba ne a wurinta.

Har Dosso babu abin faɗi. Mun yi azahar, muka ci abinci kusa da layin dogon nan da aka shimfiɗo daga Yamai aka gama a 2016, wanda aka ce wata rana zai gangara Gaya ya je ya sadu da na Faraku. Ƙarafan suna nan kwance, awaki ne ke kai da komo a kansu.

Daga Dosso ƙasa takan fara sauya fuska. Itatuwa su yi ta ƙaruwa, can gaba giginya ta fara tsayuwa ɗaiɗai kafin ta zama kurmi. Nan ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ido ma ya isa shaida. Ga mata a bakin hanya da tarin muruci, ga samari da damman rake. Abin da na nema na rasa shi ne manyan motoci. Wanda ya san wannan hanya kafin 2023 ya san ba ka yin nisa ba ka kauce wa tirela ba, wata na haurowa da shinkafa ko kwantena, wata na gangarawa da albasa. Sun ɗauke ƙafa, sun bar mana ramukan da suka haƙa.

Wajen kauce wa ramukan nan ne motar ta fara kuka. Wani siririn gurnani ne, in na murɗa sitiyari ya tashi, in na taka totur ya ƙara tsini. Can kuma sitiyarin ya riƙa cijewa yana saki. Inna daga baya ta ce, "Kai, wannan abu lafiya yake kuwa?" Na ce lafiya lau, amma a ƙauye na gaba na gangara gefe na buɗe bonet. Man sitiyari, wanda ya kamata a ce ja ne garau, ya yi duhu, ya tashi kumfa, yana warin ƙuna, kuma ya sauka ƙasa da layi. Bayan fulin famfon sitiyarin jiƙe yake sharkaf, ƙura ta manne masa ta zama taɓo.

Kafin ka ce me, wani yaro mai sayar da fetur a kwalabe ya iso da gwangwanin man burki, ya ce duk ɗaya ne, haka direbobi ke yi. Na kira Kawu a waya.

"Kada ka kuskura, ɗana. Ko kyauta ya ba ka. Akwai jan man giya a wurin?"

Babu.

"To, bel ɗin famfon daban yake da na caji. Sassauta shi ka cire, ka taho da ƙarfin damtsenka. Mu da muka koyi tuƙi a motocin da ba su da famfo ko kaɗan ba mu mutu ba."

Gaskiyarsa. Man burki kumbura robobin cikin sitiyari yake yi ya lalata su, daga famfo har can ƙasa inda ake juya tayoyi, ka ga ƙaramar ɓarna ta haifi babba. Famfon kuma mataimaki ne kawai. Ko an cire shi sitiyari yana nan haɗe da tayoyinsa. A kan miƙaƙƙiyar hanya kusan ba ka jin bambanci, sai an zo kwana ko an rage gudu kafaɗunka su gaya maka. A haka muka shiga Gaya kafin magariba, don yanzu babu mai hankalin da ke son dare ya yi masa a wannan hanya.

Kawu ya shafe shekaru yana jan tirela tsakanin Faraku da Arlit, zamanin da jirgin ƙasa ke kawo kaya daga Kwatano ya sauke a Faraku, motoci su ƙarasa da su arewa, su dawo da gangunan yuraniyom. Ya ajiye tuƙi, amma bai ajiye akwatin sifanarsa ba. Da gari ya waye, tun ba a gama karin kumallo ba, ya sa samari suka turo motar cikin gida har gindin mangwaro, daidai inda mata suka share don kafa murhu. Uwargidansa ta fito riƙe da muciya.

"Alhaji, mu kuma ina za mu ɗora tukwane?"

"Ku yi haƙuri, kafin naman ya iso mun tashi."

Na ce, "Kawu, da mun kai ta gareji, ai da mun hutar da kai." Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce a gareji za a cire wannan famfo a ɗaura wani cikin awa guda, a zuba masa mai a kan tsohon mai, in biya in tafi, kafin azumi in dawo da kukan nan. Ban ga laifin yaran gareji sosai ba. Kuɗin cirewa da ɗaurawa ake ba su, babu mai biyansu ladan wanki, ga kuma motoci a layi. A gida kuwa lokaci naka ne, ba wanda ke tsaye a kanka sai masu tukwane.

Ya fara da abin da mai gaggawa ke tsallakewa. Aka cire kan batir, aka tokare tayoyin baya da duwatsu, aka ɗaga gaba da jak, sannan ya sa aka gangaro gungumen giginya biyu aka cusa ƙarƙashi. "Jak ɗagawa ya iya, bai iya riƙewa ba," in ji shi. Aka shimfiɗa tabarma, aka aro farantin tangaran daga ɗakin girki ba da sanin masu shi ba. Da babban sirinji da guntun tiyo ƙanena ya zuƙe man da ya rage. Sai Kawu ya sa na mayar da bel ɗin da na cire jiya, na ɗaure shi tam, don shi ne zai riƙe fuli kada ya juya yayin da ake kwance notinsa. Bayan notin ya saki aka sake cire bel.

Tiyo biyu ne ke shiga famfon. Mai kaurin, wanda ke kawo mai daga kofin man, matsewa kawai aka yi masa da zoben ƙarfe. Ɗayan, wanda ke fita da mai zuwa ƙasa, ƙusa ce mai rami a ciki ta ɗaure shi, da washa sama da ƙasa. Ƙarfin man da ke bi ta nan idan an murɗe sitiyari ya ninka iskar cikin taya sau talatin ko fiye, shi ya sa ɗaurin roba da wasu ke yi wa wannan tiyo in ya tsage ba ya kai su ko'ina, kuma in man ya fesa a kan salansa mai zafi zance ya koma na gobara.

Na zaci famfon zai fara buɗewa. A'a, kofin man ya ciro, ya fita da shi rana, ya haska cikinsa da tocila, ya miƙo mini. A gindin kofin akwai raga mai ƙananan idanu, wadda yawancin masu mota ba su ma san da ita ba. Tamu ta toshe da baƙin dauɗa, kamar rariyar da aka tace gasara aka bar ta ta kwana ba a wanke ba.

"Ga wanda ya kashe maka famfo," in ji Kawu. "Famfo ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi."

Ya zauna a kujerarsa ya warware mini zaren. Man ya tsufa, ya kwaso gugar tiyo da ƙurar hanya, raga ta toshe. Famfo ya ja, mai bai zo yadda ya kamata ba, sai ya zuƙi iska ta gefen zoben robar da ya bushe a bakin tiyo. Iska ta gauraye da mai, shi ne kumfar da na gani, shi ne kuma kukan. Mai mai kumfa ba ya shafe ƙarfe, sai zafi ya tashi, zafi ya ƙone sil ɗin bayan fuli, sil ya fara yoyo, mai ya ragu, iska ta ƙara samun hanya. Duk wanda ya sayi sabon famfo ya ɗaura a ƙarƙashin wannan kofi, ya kawo wa makashin wani ne kawai.

Sannan aka buɗe famfon a kan faranti. Abu ne da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, amma aikinsa abin kallo ne. A tsakiya akwai dunƙulen ƙarfe mai tsaga goma, kowace tsaga da 'yar faffaɗar ƙarfe da ke shiga tana fita. Dunƙulen yana juyawa cikin wani zobe wanda cikinsa ba da'ira sosai ba ne, ya ɗan miƙe ta gefe biyu. In ya juya, ƙarafan su fito su dafa bangon zoben. Inda fili ya buɗe su zuƙi mai, inda ya tsuke su tunkuɗa shi. Bangon nan sumul ya kamata ya kasance. Kawu ya ce in bi shi da farce. Na ji gargada, layi-layi. Ya lakaci man da ke gindin faranti ya murza a yatsa ya nuna wa rana, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce da sil ne kawai ya mutu da mun canza mun huta, amma wannan ciki ya tafi.

Muka nufi wajen masu kayan Beljiyam. Rumfar da Kawu ya kai ni cike take da ƙarafa har rufi, amma mai rumfar ya ce rabin abin da nake gani tsohon ajiya ne. Ya tono famfon Carina guda biyu daga wani buhu. Da ya faɗi kuɗi sai Kawu ya yi salati.

"Baba, ba ni ba ne, gada ce," in ji mai rumfar.

A Gaya kowane farashi da gada ake bayyana shi. Garin ya daɗe yana cin abinci da motocin da suka gama aiki a Turai. Daga tashar Kwatano ake jero su, su kwana a filin duwan na Gaya, wasu su wuce Yamai, da yawa su bi ta Ƙonni da Maraɗi su faɗa Najeriya, inda har yau ake ce musu 'yan Kwatano. Kayan gyara kuma a cikinsu suke tahowa, a but da ƙarƙashin kujeru. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk Gaya ta jure. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO da ya biyo baya. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka bar ta Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, su sauka Yamai, sannan su gangaro Gaya. Garin da ke farkon layi ya koma ƙarshensa.

Kawu bai kula da ƙyallin wanki ba. Ya juya fulin kowane famfo a kusa da kunnensa, ya girgiza shi gaba da baya ko zai ji wasa, ya leƙa ƙofofin mai da tocila. Ɗaya a buɗe aka bar shi, rairayi ya shiga. Ya ajiye shi. Ya ɗauki ɗayan da sharaɗin za mu buɗe shi a gida, in cikinsa ya ci mu dawo da shi. Mai rumfa ya ce ba a yin haka. Kawu ya ce da uban mai rumfar ma haka suka yi. Aka yi dariya, aka rage wani abu, muka biya.

Sababbin robobi ne aka rasa a garin ranar. Famfon da ya shekara a buhu sil ɗinsa ya riga ya bushe, ko da cikinsa lafiya. Ɗan Kawu ya hau babur ya nufi Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, da tsohon sil a aljihu don gwaji da naira a ɗayan. Mutanen nan sefa da naira duk kuɗin cefane ne a wurinsu, yadda Dandanci da Hausa da Zabarmanci ke cakuɗe a bakin yaro ɗaya.

Kafin ya dawo na ja ƙanena muka gangara bakin kogi. Ga gadar can, an gindaya mata kwantenoni, ga sojoji. A ƙarƙashinta kuwa rayuwa ba ta tsaya ba. Jiragen kwale-kwale masu inji suna ta yanka ruwa, shaƙe da fasinja da buhuna da babura, 'yan dako na shiga ruwa har gwiwa, 'yan kabu-kabu na jira a tudu suna rige-rigen kaya. Motar fasinja ta sauke ka a nan, ka tsallaka, wata ta ɗauke ka a Malanbil. Kwale-kwale na iya ɗaukar buhun gari, amma ba ya ɗaukar tirela. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a wannan yanki ne bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya tsallaka zuwa Benin ya nufi teku. Man ƙasa ya samu hanya ta ƙasa, famfon Carina bai samu ta sama ba.

Da la'asar robobi suka iso, tare da galan na jan man giyar otomatik, irin Dexron da aka rubuta a murfin kofin. Kawu ya ce kowa ya karanta murfinsa: Honda nata man daban, wasu motocin Turai koren mai suke sha, kuma ba a gauraya su. Muka buɗe famfon Beljiyam. Bangon zobensa sumul. Ƙanena ya miƙa hannu zai haɗa ƙananan ƙarafan famfunan biyu a faranti ɗaya, Kawu ya buge hannun. Ya nuna masa wata 'yar lamba da aka buga a jikin dunƙulen da zoben: tun daga masana'anta an auna kowane saiti da nasa, bambancin bai kai kaurin gashi ba, amma ya isa. Ya wanke komai, ya bar shi ya bushe a inuwa a rufe da tsohon zane saboda ƙurar hunturu. Ya ɓanɓare tsohon sil, ya dasa sabo da bakin soket yana bugawa a hankali har ya zauna daidai. Ya mayar da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, gefen da ke da santsin lanƙwasa yana duban waje, kowace sai ya tsoma ta a mai. Akwai kuma wani bawul mai sifirin da ke daidaita ƙarfin mai. Ya shafa masa mai ya sake shi a raminsa, ya zura da nauyin kansa ba tare da an tura ba. "In ya tsaya a hanya, sitiyari zai riƙa cijewa ko famfo sabo ne."

Yana aiki yana mita a kan motocin yanzu. Tun da Chrysler ta fara sayar da ƙaramar mota mai sitiyarin mai a 1951, abin da ke ciki ƙarfe ne da roba da mai, mai haƙuri zai iya buɗe shi a kan tabarma. A 1988 Suzuki ta fito da na lantarki, yau kuma yawancin sababbin ƙananan motoci ba su da famfo sam. Na ce ai an huta da yoyo. Ya ce an huta, amma ranar da ya tsaya sai mai kwamfuta, shi kuwa akwatinsa babu kwamfuta.

Magariba ta raba mu da aikin. Washegari, ranar ɗaurin aure, da asuba muka koma. An riga an wanke kofin da fetur har raga ta nuna haske, ya kwana yana bushewa. Aka ɗaura famfo, aka sa sababbin washa, aka ja bel har ya zama in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya ɗan lotsa kaɗan. Saura tsohon man da ke ƙasa, mai garin ƙarfe. Kawu ya zare tiyon da ke dawo da mai kofi ya zura shi a gorar ruwa, ya toshe gurbinsa. Inji a kashe, tayoyi a sama, ni ina juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ƙanena yana ƙara mai kada kofi ya ƙafe, Kawu yana tsugune yana kallon gora. Baƙi ya yi ta fita, ya koma ruwan ƙasa, can sai ga ja garau. Aka mayar da tiyo, na ci gaba da juyawa har kumfa ta daina tasowa.

Sannan ya ce in tayar. Famfon ya yi ɗan gurnani, man ya faɗa, aka ƙara. Na juya hagu, na juya dama. "Kada ka danne shi a ƙarshe," in ji Kawu, "in ya kai, sake shi. Masu danne sitiyari a ƙarshe suna jiran hanya ta buɗe, su ne abokan cinikin mai rumfa." Gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɓace. Ya zagaya da farin tsumma yana shafa kowace mahaɗa, tsumma ya fito a bushe. Aka sauke mota, aka fitar da ita daidai lokacin da mahauta ke shigowa da nama. Uwargida ta karɓi farantinta, ta shinshina, ba ta ce komai ba, ta miƙa wa ƙanena tare da sabulu.

An ɗaura aure bayan azahar, da yamma Carina ce ta ɗauki amarya, tana ratsa lungunan Gaya masu rairayi da yatsa biyu a kan sitiyari. Kuɗin robobi da mai bai kai rabin na famfon ba, kuma da an wanke kofin nan an juye man tun yana fara duhu, su kaɗai za a saya. Mun koma Ƙonni da buhun shinkafar Gaya da muruci, tsohon famfon kuma Kawu ya riƙe, ya ce fulinsa da bawul ɗinsa za su yi wa wani rana.

Kai mai tsohuwar mota, in taka ta fara wannan kuka, kafin ka aika a sayo famfo ka sa a ciro kofin man a haska gindinsa da tocila. In kuma har sai an canza famfon, ka tsaya a wurin a wanke kofin a juye tsohon man a gaban idonka.